Kayan ɗaukar hoton taurari da dare: me za ka fara saya?

Hoton da ake ganin taurari a sama, ga kuma bishiya ko dutse mai haske a ƙasa, aiki biyu ne a cikin hoto ɗaya. Sama tana so a tara haskenta da hanzari kafin taurari su gusa, domin duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa. Ƙasa kuwa haske kaɗan take so, mai laushi, daga gefe. Idan ka san da haka kafin ka fara cefanen kaya, ba za ka juye duk kuɗinka a kan kyamara ba.

Maganar kyamara ba ta da tsawo. Mai babbar sensa (ɓangaren da ke karɓar haske a cikin kyamara), milimita 36 da 24, ta fi mai ƙaramar sensa, wato APS-C, tara haske, hotonta kuma bai cika yin tsaki-tsaki ba. Amma duk kyamarar da ke ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka iya saita ta da hannu, ta kuma jure ISO (ma'aunin ƙara wa hoto haske) 3200 zuwa 6400, za ta yi aikin, ko da wadda wani ya yi amfani da ita ce. Megafiksel 24 ya wadatar. Mai 45 ko 60 ma ta fi saurin tona asirin tauraron da ya fara jan wutsiya.

Gilashin kyamara shi ne inda ya kamata kuɗi ya tafi. Abu biyu ake dubawa, faɗinsa da girman ƙofarsa. Tsohon lissafin masu wannan sana'a shi ne a raba 500 da tsawon gilashin a milimita (ƙaramar lamba ta fi faɗi), a sami sakan nawa za a bar kyamara a buɗe kafin taurari su ja wutsiya: milimita 14 ya ba ka kamar sakan 35, milimita 20 ya ba ka 25. A kyamarorin yanzu gara ka rage wannan sosai, ko da rabi ne, idan kana son taurari su fito ɗigo-ɗigo. Tunda lokaci ya yi kaɗan, sai ƙofa ta biya bashin, kuma ƙaramar lambar f ita ce babbar ƙofa: f/2 tana shigar da haske ninki biyu na f/2.8, f/1.4 kuwa ninki huɗu.

Samyang 14mm f/2.8, wanda ake sayarwa da sunan Rokinon a wasu ƙasashe, shi ne abokin mai ƙaramin ƙarfi. Nau'insa mai araha da hannu ake saita shi har hoto ya fito tar, kuma wannan ba aibi ba ne, don dama a cikin duhu kyamara ba ta iya saita kanta. Sigma 14mm f/1.4 da ya fito a 2023 yana shan haske ba kama hannun yaro, sai dai ya haura kilo ɗaya, kuma kai za ka ɗauke shi a tafiyar dare. Ni dai na fi karkata ga milimita 20 mai f/1.8, irin na Sony ko na Nikon Z. Na Sony bai kai giram 400 ba, kuma a wannan faɗin dutsen da ke gabanka ba ya ƙanƙancewa ya ɓace a ƙasan hoto. Kowanne ka zaɓa, nemi hotunan da aka ɗauka da shi ka zuƙo kusurwoyin. A wasu gilasan, taurarin kusurwa kan fito da fukafukai kamar ƙananan tsuntsaye, kuma da wuya manhaja ta gyara wannan.

Sai fitila, wadda ita ce mafi araha a cikin kayan, kuma ita ke raba hoto mai kyau da wanda ya ƙone. Akasari da tocila ake farawa, a buɗe kyamara a yi ta shafa haske a jikin dutse. Matsalarta ita ce hannu ba ya maimaita abu ɗaya sau biyu: wannan hoton gefe ɗaya ya yi fari fat, na gaba rabin dutsen yana duhu. Ga shi yawancin tocila haskensu ya karkata ga shuɗi, sai ciyawa ta fito da launin da ba nata ba. Ƙaramin faifan LED da ake ɗorawa a kan sanda a bar shi a kunne ya fi ta nesa ba kusa ba. Wajen saye kada ka tambayi iyakar haskensa, tambayi iyakar yadda yake raguwa. Wanda ke sauka zuwa kashi 1 cikin 100 kake nema, mai canza launi daga wajen 3200K (haske mai ɗan ja) zuwa 5600K (fari kamar na rana), irin su Aputure MC da Lume Cube. Ka kafa shi mita 20 ko 30 daga abin da kake haskawa, ta gefe, ka rage shi har idonka da ƙyar yake ganin tasirinsa. A sakan 15 da ISO 6400, wannan ɗan hasken zai fito da kowace tsaga ta dutsen da inuwarta. Idan har yanzu ya yi yawa, rufa masa farin ƙyalle. Idan ka saita launin kyamara a wajen 4000K saboda sama, fitila a 3200K za ta ba ƙasa ɗan ɗumi, a 5600K kuwa sai ta koma shuɗi. Akwai kuma hasken da ba a saye: jinjirin wata, ko hoton ƙasa da aka ɗauka jim kaɗan bayan faɗuwar rana a haɗa da na sama daga baya. Ka bincika dokar wurin tukuna, domin gandun Arches na Amurka, alal misali, ya hana haska duwatsunsa don hoto.

Na'urar bin taurari, kamar Sky-Watcher Star Adventurer ko iOptron SkyGuider Pro, tana ba ka damar buɗe kyamara minti biyu ko uku. Sai dai yayin da take bin sama, ƙasa ce ke yin dishi-dishi, dole ka ɗauki kowacce daban. Kuma ana daidaita ta ne da tauraron Polaris, wanda tsayinsa a sama, a digiri, daidai yake da nisanka arewa da ikweta, layin da ya raba duniya arewa da kudu, don haka a ƙasashen da ke kusa da layin yakan maƙale a bakin sararin sama, bayan tudu ko hazo. Jinkirta sayenta. Mazauni mai ƙafa uku wanda iska ba ta girgizawa ya fi ta gaggawa.

Abin da ke maye gurbin na'urar bin taurari shi ne tara hotuna. Ka ɗauki 16 a jere ba tare da ka taɓa komai ba, manhaja ta haɗa su, tsaki-tsakin ya ragu ninki huɗu. A nan ma faifan LED ya yi rana, tunda haskensa iri ɗaya ne a duka 16 ɗin. Sequator kyauta ce amma a Windows kawai take aiki, Starry Landscape Stacker ta Mac ce kuma sayenta ake yi, dukkansu suna daidaita taurari su bar ƙasa a tsaye. Gyaran launi sai Lightroom, ko darktable ga wanda ba ya son biyan kuɗin wata-wata.

Ka bar ɗan canji don fitilar goshi mai jan haske, batir na biyu, da ɗamarar ɗumama gilashi mai aiki da USB. Raɓa kan sauka a gilashi ba ka sani ba, sai ka buɗe hotunan a kwamfuta ka tarar rabinsu hazo ne.