Direban NVIDIA a kan Ubuntu 24.04: yana aiki, amma da sharaɗi

Duk wanda ya tambaye ni ko direban NVIDIA na tafiya lafiya a kan Linux, amsata ita ce eh, muddin ta hanyar da ta dace aka sa shi. Ina aiki da shi a kan Ubuntu 24.04, wadda ta fito a Afrilun 2024 da kanel 6.8, a laftof mai katin GTX 1650. Tace bidiyo da aikin Blender duk suna gudu yadda nake so, kuma na gamsu ƙwarai.

Sai da na ɗan sha wuya kafin nan. Laftof ɗin ta hannu ce, kuma wanda ya sayar min ya riga ya sa direban da fayil ɗin .run. Ranar da kanel ya sabunta, ina kunnawa sai baƙin allo, ɗan farin layi na ƙyaftawa a kusurwa, fanka kuma na ta huci. Na danna Ctrl+Alt+F3 na shiga, na buga nvidia-smi, ya ce ya kasa magana da direba.

Ga abin da mutane da yawa ba su gane ba. Wani ɓangare na direban ana harhaɗa shi ne daidai da kanel ɗin da ke kan injin, kamar rigar da tela ya auna wa mutum ɗaya. Kanel na canzawa, dole a sake harhaɗawa. Wannan shi ne aikin DKMS, wanda asalinsa daga kamfanin Dell ya fito, kuma shi ma ba ya iya komai sai akwai linux-headers mai lamba ɗaya da abin da uname -r ke nunawa. Buga dkms status kawai zai gaya maka ko an harhaɗa ko ba a yi ba.

Sai Secure Boot. Idan yana kunne, kanel ba ya karɓar ɓangaren da ba a sa wa hannu ba. Shi ya sa wani shuɗin allo na MOK ke fitowa bayan an sake kunna injin, yana jiran 'yan daƙiƙu ka danna maɓalli, ka yi rajistar makullin da kalmar sirrin da ka zaɓa. In ya wuce ka, direban na nan a zaune amma ba zai tashi ba.

Abin da ya raba ni da matsalar gajere ne: na cire tsohon da nvidia-uninstall, na buga sudo ubuntu-drivers install. Wanda Ubuntu ke bayarwa yana zuwa da sa hannunsa, yana toshe nouveau don kada su yi karo, yana kuma bin kanel duk lokacin da aka sabunta. Tun daga nan ban sake ganin baƙin allo ba.

Masu harhaɗa kanel da kansu su tabbata CONFIG_MODULES na kunne, kuma kada su cusa nouveau a cikin kanel ɗin kansa.

A duba shekarun kati ma. A Mayun 2022 NVIDIA ta buɗe lambobin ɓangaren kanel na direbanta, amma ga katunan Turing zuwa sama kaɗai. Mai GTX 1050 ko wanda ya girme shi, ya zaɓi kunshin da babu "open" a sunansa.