Sharhi kan hidimar gaggawa a wuraren shaƙatawa na Disney

Wanda ya sayi tikitin shiga babban wurin shaƙatawa, lilo da wasan wuta da hotunan da zai ɗauka ne a ransa, amma cikin kuɗin da ya biya akwai wata hidima da ba a rubuta a jikin tikitin ba, wato alkawarin cewa idan masifa ta auka wa ƙasa alhali yana ciki, za a fitar da shi lafiya ko a ba shi mafaka har ƙura ta lafa. Wannan hidima ce nake son aunawa a nan. Na zaɓi wuraren da ke ɗauke da sunan Disney, kamfanin nishaɗi na Amurka, ne domin su aka fi jarrabawa a bainar jama'a, da harin ta'addanci da girgizar ƙasa da guguwa da annoba, a ƙasashe huɗu masu dokoki daban-daban. Hukuncina tun daga farko shi ne hidimar tana da inganci ƙwarai, kuma ingancinta ya dogara ne kacokan a kan ƙaramin ma'aikaci mai sayar da alewa ko mai duba tikiti, gwargwadon horon da aka ba shi da ikon da aka sakar masa.

A safiyar Talata, 11 ga Satumba, 2001, filaye huɗu na Walt Disney World da ke jihar Fulorida ta Amurka sun riga sun buɗe, jama'a sun shiga, lokacin da jirage suka faɗa kan tagwayen benaye a birnin Niyok da ma'aikatar tsaro ta Pentagon. Babu wanda ya san wurin da za a kai wa hari na gaba, kuma wuri mai tara dubban mutane wanda duniya ke kallo a matsayin tambarin Amurka ba abin a yi sakaci da shi ba ne. Wajen ƙarfe 11 na safe aka yi sanarwa ta lasifika cewa an rufe filayen. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi burge ni a duk labarin ranar: ma'aikata suka jeru kafaɗa da kafaɗa daga can ƙuryar fili, suka riƙa takowa a hankali zuwa ƙofa, jama'a na tafiya a gabansu. Dabarar ta yi aiki biyu a lokaci guda, domin ta tabbatar ba a bar kowa a baya ba, sannan ta ƙayyade saurin tafiyar taron, tunda mutum ba ya sheƙawa da gudu idan wanda ke bayansa yana tafiya a natse. A bakin ƙofa aka raba wa baƙi tikitin dawowa kyauta, wanda ya kashe gardamar maido da kuɗi tun kafin ta taso. Wanda ya taɓa ganin yadda mutum guda mai neman haƙƙinsa kan tsayar da dogon layi zai gane hikimar wannan.

Sai dai akwai inda na ga gazawa. Sanarwar ba ta faɗi dalilin rufewar ba, kuma a 2001 babu wayoyin da ke kawo labarai a tafin hannu, saboda haka mutane da yawa sun fita ba su san abin da ya sami ƙasarsu ba sai da suka isa masauki suka kunna talabijin. Hujjar masu wurin a bayyane take, wato gudun firgici da turmutsutsu, kuma ban raina ta ba. Duk da haka, a cikin taron akwai masu 'yan uwa a Niyok da Washinton, kuma ɓoye wa baligi labarin da ya shafi iyalinsa, ko da na sa'a guda ne, hukunci ne mai nauyi. A yau ma wannan shiru ba zai yi amfani ba, domin kafin lasifika ta yi magana labari ya riga ya zagaye taron ta waya, gaskiyarsa da ƙaryarsa a cakuɗe, kuma idan hukumar wuri ta yi gum da bakinta jita-jita ce za ta ja ragamar jama'a.

Fitar da mutane daga fili rabin aiki ne, domin gwamnatin Amurka ta dakatar da tashin jiragen sama a ranar, kuma dubban baƙi sun maƙale a otal-otal na wurin ba hanyar komawa gida. An tura ma'aikata masu shigar taurarin fina-finan zane na yara zuwa otal-otal domin su ɗauke hankalin ƙanana yayin da iyaye ke gaban talabijin. Disneyland na jihar Kalifoniya bai buɗe ba sam a ranar, tunda agogon can yana bayan na gabas da sa'a uku. Washegari aka buɗe filayen da teburan binciken jaka a ƙofa, kuma tun 2003 doka ta hana jirage shawagi ƙasa da ƙafa 3,000 a saman wuraren biyu.

Jarrabawar da ta fi tsanani, wadda kuma na fi ba wa maki, ita ce ta Japan. Da ƙarfe 2:46 na rana a ranar Juma'a, 11 ga Maris, 2011, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta auku a tekun arewa maso gabashin ƙasar. Tokyo Disneyland da Tokyo DisneySea suna garin Urayasu ne a lardin Chiba, a kan ƙasar da aka cike daga teku, kuma kamfanin Oriental Land na Japan ne ke mallaka da gudanar da su bisa lasisin Disney. Kimanin mutum 70,000 ne ke ciki a lokacin. A nan fitar da jama'a waje ba mafita ba ce, domin jiragen ƙasa na layin Keiyo da ke tsayawa a tashar Maihama sun daina aiki, tituna sun cushe, kuma a filin ajiye motoci ƙasa ta narke ta riƙa tofo ruwa da yashi. Tura mutum 70,000 cikin wannan hali daidai yake da yar da su. Sai aka juya aikin, wurin shaƙatawa ya koma sansanin mafaka.

Da farko an fito da kowa sarari nesa da gine-gine, aka ce a tsuguna a kare kai. Ma'aikatan kantuna suka kwaso 'yan tsanar da ke kan kanta na sayarwa suka miƙa wa baƙi su ɗora a ka saboda abin da ka iya faɗowa. Da yamma ta yi sanyi ya sauko, ga yayyafi, sai aka raba rigunan ruwa da ledojin kanti da manyan ledojin shara da kwalaye domin shimfiɗa da rufa, aka kuma buɗe gwangwanayen biskit da cakulan na tsaraba aka raba kyauta. Mai karatu zai iya cewa ai wannan ƙaramin abu ne, amma ya kamata a duba wanda ya yi shi. Mafi yawan ma'aikatan filayen nan na wucin gadi ne, ɗalibai da masu aikin sa'o'i, irin waɗanda a mafi yawan kamfanoni ba su isa su ba da tsinke kyauta ba sai da sa hannun na sama. Da a ce kowane sai ya jira izini, da sanyi ya gama da yara kafin takarda ta sauko. Kamfanin ya riga ya koya musu cewa lafiyar baƙo tana gaba da komai, har da kaya da kuɗi da kyan wasa, kuma yana yin atisayen gaggawa kusan sau 180 a shekara idan aka haɗa na sassa daban-daban. Da ma an ce sai an sha wuya akan sha daɗi, kuma ranar ce aka ci ribar wannan atisaye.

Bayan injiniyoyi sun duba gine-gine, aka shigar da jama'a gidajen kallo da gidajen abinci, aka dafa musu shinkafa mai zafi daga abincin da aka tanada domin irin wannan rana. Kimanin mutum 20,000 ne suka kwana a wurin. Akwai kuma mataki guda da ya nuna mini cewa tsarin na gaskiya ne: an ratsa da baƙi ta hanyoyin bayan fage, waɗanda a al'adar Disney ba a yarda idon baƙo ya gani ba domin kada sihirin wurin ya karye. Kamfanin da ya gina sunansa a kan ɓoye bututu da shara da motocin kaya ya buɗe su ba tare da jinkiri ba da bukata ta taso. Washegari jiragen ƙasa suka fara motsi, mutane suka kama hanya. Tokyo Disneyland bai sake buɗewa ba sai 15 ga Afrilu, DisneySea kuma 28 ga Afrilu, kuma ƙarancin lantarki da ya biyo bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima na daga cikin manyan dalilan jinkirin.

Batun zaman makoki na ƙasa ba ya bukatar dogon bayani, tunda rufewar ana yin ta ne kafin baƙi su iso. Disneyland na Kalifoniya ya rufe a 1963 domin makokin shugaba John F. Kennedy, Disneyland Paris kuma ya rufe na kwana huɗu bayan hare-haren 13 ga Nuwamba, 2015 da suka kashe mutum 130 a babban birnin Faransa, ya buɗe a ranar 18 ga watan.

Inda hidimar ta gamu da iyakarta shi ne birnin Shanghai na ƙasar Sin. A ranar 31 ga Oktoba, 2021, bayan an gano cewa wata mai ɗauke da cutar korona ta ziyarci wurin kwana guda kafin nan, aka rufe ƙofofin Shanghai Disneyland da jama'a a ciki, aka ce babu mai fita sai an yi masa gwaji. Mutum fiye da 30,000 aka gwada har cikin dare, ma'aikatan lafiya cikin fararen rigunan kariya, wasan wuta na tashi a sama, daga baya motocin safa suka kwashe mutane. Ta fuskar tsari, aikin ya tafi daidai, kuma barin wasu wasanni su ci gaba ya rage wa yara zaman tagumi. Shekara guda cif bayan nan, a 31 ga Oktoba, 2022, aka maimaita. Adalci ne a ce umarnin na hukumomin birni ne a ƙarƙashin manufar ƙasar ta kawar da cutar baki ɗaya, kuma kashi 57 cikin ɗari na wurin mallakar kamfanin Shanghai Shendi ne na gwamnati. Amma ga baƙon da ya shigo da safe da ƙaramin yaro ko da tsoho mai shan magani a kan lokaci, kyakkyawar mu'amala ba ta canza cewa an tsare shi ba. A Urayasu an ajiye mutane ne saboda waje ya fi ciki haɗari, kuma wanda ya ga zai iya tafiya yana da damar tafiya. A Shanghai zaɓin ya fita daga hannun baƙo da na mai wurin gaba ɗaya.

Akwai wani abin da ke damuna wanda ba kasafai masu yabon wannan hidima ke ambata ba. Ma'aikatan da suka jeru a Fulorida da waɗanda suka kwana a tsaye a Urayasu su ma suna da iyalai da ba su san halin da suke ciki ba, suka danne tsoronsu suka yi wa baƙi murmushi. A ƙarshen Satumban 2020, lokacin da annoba ta daɗe kuma Disneyland na Kalifoniya na rufe, kamfanin ya sanar da sallamar ma'aikata 28,000 a Amurka, kusan kashi biyu cikin uku na wucin gadi. Kowane kamfani yana da lissafinsa, kuma wuri a rufe ba ya kawo kuɗi. Sai dai ƙwarewar da ake bukata a ranar tashin hankali a jikin mutane take, ana tara ta ne da shekaru na maimaici, kuma duk lokacin da aka sallami tsohon hannu aka ɗauki sabo, sai an sake gina ta daga tushe.

Guguwa ita ce masifar da aka fi sabawa da ita, kuma a nan ne matafiyi zai fi ganin amfanin sanin ƙa'ida. Walt Disney World ya buɗe a 1971, kuma bai rufe saboda guguwa ba sai da guguwar da aka laƙaba wa suna Floyd ta zo a 1999. Daga nan an rufe saboda Charley da Frances da Jeanne a 2004, Matthew a 2016, Irma a 2017, Ian a 2022 da Milton a 2024. Da yake guguwa tana ba da sanarwa kwanaki kafin ta iso, ana rufe filaye tun da wuri, a bar ayarin ma'aikata su kwana a otal tare da baƙi suna kula da abinci da nishaɗin yara, har mazauna gabar teku kan gudo su kama ɗaki a can saboda ƙarfin gine-ginen. Ƙa'idar kamfanin ita ce idan Cibiyar Lura da Guguwa ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan yankin Orlando, inda wurin yake, ko garin da baƙo yake zaune cikin kwana bakwai kafin ranar isowarsa, yana iya soke tafiyar ko ɗage ta ba tare da tara ba. Wannan sassauci ya shafi abin da aka yi rajista kai tsaye da kamfanin ne kawai. Wanda ya bi ta hannun wani kamfanin tafiye-tafiye na daban, can zai koma ya nemi haƙƙinsa bisa sharuɗɗansu, haka nan kuɗin jirgi yana hannun kamfanin jirgin, saboda haka mai shirin zuwa tsakanin Yuni da Nuwamba, wato lokacin guguwa a tekun Atlantika, ya karanta waɗannan sharuɗɗa kafin ya biya.