Fentin mai na Winton a hannun mai zanen mutane

Kamfanin Winsor & Newton, wanda aka kafa a Landan a 1832, ya tanadi fentin Winton musamman domin ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi. Ga matashin da ke son bin sawun masu zanen mutane irin su Kolade Oshinowo, wanda ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ina ganin fentin ya cancanci kuɗinsa.

Inda ya fi burge ni shi ne launukansa masu ruwan ƙasa, domin fatar baƙin mutum ba launi ɗaya ba ce: akwai ja-ja a kumatu, akwai shuɗi-shuɗi a inda inuwa ta sauka, kuma Burnt Umber da Burnt Sienna, biyu daga cikin launukan nan masu ruwan ƙasa, suna haɗuwa da sauran launuka su fitar da wannan ba tare da sun dagule ba. Farin fentin kuwa yana jinkirin bushewa, don haka a lokacin hunturu sai a kare allon daga ƙura.

Rauninsa shi ne an maye gurbin wasu sinadaran launi masu tsada da makamantansu, shi ya sa jansa bai kai na fentin ƙwararru ƙarfi da haske ba.