Koci, Ƙwararre Ko Likita: Wa Ya Kamata Ka Biya?

Kafin ka tura kuɗi ga mai kiran kansa kocin rayuwa a Instagram, fara tantance abin da ke damunka.

Koci ba ya ba ka amsa. Tambayoyi yake jefo maka har mafita ta fito daga bakinka, sannan ya bibiyi abin da ka ce za ka yi. Zama ɗaya kan ɗauki minti 45 zuwa awa guda, mako-mako ko bayan mako biyu, na tsawon wata uku zuwa shida. Ya dace da wanda ya san abin yi amma ya kasa farawa, kamar ma'aikacin da ya daɗe yana cewa zai kama kasuwanci.

In kuwa rashin sani ne, kaji na mutuwa a gona ko lissafin shago ya ƙi daidaita, ƙwararre a fannin za ka nema. Shi zai duba, ya nuna inda gizo ke saƙa, ya rubuta gyara. Biyan koci a nan asara ce. Ubangida a sana'a, irin na Kantin Kwari, gogewarsa yake ba ka, galibi ba ko sisi, sai dai dabarar da ta yi masa aiki a zamaninsa ba lallai ta yi maka ba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ciwon damuwa. Wanda ya haura mako biyu cikin ƙunci, barci ya gagara, abinci ba ya shiga, ko yana tunanin kashe kansa, likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam yake buƙata. Akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna, Kware da Maiduguri. Koci ba shi da hurumin gano cuta, balle rubuta magani, kuma na kirki da kansa zai tura ka can.

Likita sai da lasisi, amma kowa na iya wayar gari ya ce shi koci ne. Don haka nemi shaidarsa. Ƙungiyar masu aikin koci ta duniya, ICF, wadda aka kafa a 1995, tana da matakan shaida uku: ACC na buƙatar awa 60 na horo da awa 100 na aiki, PCC awa 125 da 500, MCC awa 200 da 2,500. Ana iya duba sunan mutum a shafinta.

Kada ka biya kuɗin wata shida gaba ɗaya. Yi zaman gwaji tukuna, ka ga ko sauraro yake yi ko wa'azi. Sannan a rubuta yarjejeniya: buri, yawan zama, farashi, riƙe sirri, da yadda za a mayar maka da ragowar kuɗinka in ka fasa.