Sharhi kan biyan kuɗin karanta Financial Times, bisa ma'aunin badaƙalar Wirecard

Shekaru da dama ke nan ina biyan kuɗin karanta jaridar Financial Times ta intanet, kuma duk wanda ya tambaye ni ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, da labarin Wirecard nake ba shi amsa.

Tun 2015 wakilinta Dan McCrum ya fara nuna cewa lissafin wannan kamfanin hada-hadar kuɗi na Jamus akwai lauje cikin naɗi, amma manyan masu zuba jari suka yi kunnen uwar shegu, har kamfanin ya shiga DAX, jerin manyan kamfanonin kasuwar hannun jarin Jamus, a 2018 a gurbin bankin Commerzbank. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, da jaridar ta fallasa takardun ofishin kamfanin da ke Singafo a farkon 2019, sai BaFin, hukumar sa ido kan harkokin kuɗi ta Jamus, ta haramta cacar faɗuwar hannun jarin kamfanin (wato cinikin da mai yin sa ke cin riba idan farashin ya faɗi) na wata biyu, sannan ta kai ƙarar 'yan jaridar. A shekarar ce kuma kamfanin ya sayar da takardun lamuni na yuro miliyan 500, bayan Moody's, kamfanin da ke auna ƙarfin biyan bashi, ya sa shi cikin waɗanda ake iya ba bashi da kwanciyar hankali.

Ranar 18 ga Yuni 2020 masu binciken kuɗi na EY suka ƙi sa hannu a kan lissafin kamfanin, domin yuro biliyan 1.9 da aka ce suna bankunan Filifin babu su babu dalilinsu, kuma bayan mako guda kamfanin ya durƙushe. Na tuna ina zaune da wayata cikin dare, ina bin rahotannin ɗaya bayan ɗaya: waɗanda suka yi cacar faɗuwarsa sun kwashi riba, Commerzbank, ɗaya daga cikin bankunan da ke bin kamfanin bashi, ya ware yuro miliyan 175 na asara, wasu bankunan kuma suna neman kai da bashin a hannun masu sayen mataccen bashi, a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A wannan fage jaridar ta yi zarra, domin tana bin sawun wanda ya sayar da wanda ya saya.

Sai dai Turancinta na 'yan kasuwa ne zalla, saboda haka sabon shiga zai ɗauki makonni kafin ya saba. Mai juya dukiyar jama'a kuwa, musamman kuɗin fansho, ina ba shi shawarar ya yi rajista.