Taswirar gunduma ko ta gida-gida: wacce ta dace da binciken gubar dalma?

Malam, ka tambaya ko gara a haɗa alƙaluman yaran da aka samu da dalma a jini bisa gunduma, ko a ɗiga kowane gida a taswira. Ya danganta da wanda zai karanta ta.

Ta gunduma ba ta da wahala: ka ɗauko iyakokin gundumomi daga GRID3, shirin da ke wallafa bayanan taswira, ka haɗa su da teburin asibiti a manhajar taswira ta QGIS, ka raba yawan masu gubar da yawan yaran da aka gwada. Ta isa a nuna wa masu rabon kasafi, kuma ba ta tona asirin kowa. Sai dai tana shafe bambanci. A Zamfara a 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, gubar ta taru ne a tsakar gidajen da ake daka dutsen zinariya ana shanya garinsa, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Launi ɗaya a kan gunduma guda ba zai nuna wane gida za a kankare wa gurɓatacciyar ƙasa ba.

Wannan aikin ta gida-gida ce kaɗai ke iya shi, kuma a nan wahalar take. Ana auna ƙasa da na'urar XRF, mai gano yawan dalma, a tsakar gida, bakin rijiya da wurin injin niƙa, a ɗauki lambar GPS ta wurin da KoboCollect, manhajar tattara bayanai a waya. Waya kan yi kuskuren mita 5 zuwa 10, ga gidaje katanga ɗaya, sai awon wani ya faɗa gidan maƙwabci. A jira kuskuren da manhajar ke nunawa ya sauka, a kuma ba kowane gida lamba a fom da kwalbar jini.

Kafin auna tazara, a juya lambobin wurin daga WGS 84, tsarin da GPS ke bayarwa, zuwa UTM, tsarin da ya raba duniya shiyya-shiyya, in ba haka ba za a yi lissafi da digiri maimakon mita. Layin 6° gabas ya ratsa Zamfara: Bukkuyum na shiyya ta 31N, Gusau na 32N. A zaɓi ɗaya a tsaya a kai.

Kada ɗigon gidaje ya fita daga hannun masu aikin. In dole sai an wallafa, a gusar da su, kamar yadda DHS, binciken lafiyar al'umma, ke gusar da wuraren bincikensa har kilomita 2 a birni, 5 a karkara.