Ledar tare zafi a gilashin mota: abin da na gani a bazarar Makka

Kafin bazarar bana na sa wa tsohuwar Camry ɗina ledar gilashi mai tare zafi, wadda a nan ake kira azil, irin ta seramik. Ga masu gaggawa: ta ci kuɗinta, amma ba ta yi duk abin da mai shagon ya rantse za ta yi ba.

Wanda yake zaune a Makka ba sai an ba shi labarin rana ba. A Hajjin 2024 an auna zafi har digiri 51.8 a Harami, kuma duk shekara daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba hukuma tana hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku. Motar da ta yini a gefen titi a Sharar Mansur kuwa ba ruwan doka da ita. Cikinta kan fi waje zafi nesa ba kusa ba, sitiyari ba ya taɓuwa, ƙarfen bel ya gasa maka hannu.

'Yan uwa da yawa sun ɗauka duhun leda shi ne maganin zafi. Ba haka ba ne. Baƙar leda mai araha galibi haske take ragewa, bayan ɗan lokaci ta koma shuɗi-shuɗi tana kumbura. Ta seramik ana samun wadda kusan fara ce, amma tana tare ɓangaren hasken rana da ke ɗauke da zafi, da wanda ke kodar da kujeru. Ba kuma ta hana sabis ɗin waya kamar mai ƙarfe a ciki. Ga batun Murur, wato 'yan sandan hanya: gilashin gaba dole ya zama garau, kuma wanda ya wuce ƙa'ida wajen duhu tara ce ke jiransa, ga ɓata lokaci a wurin fahas, wato binciken lafiyar mota. Shi ya sa na ce a sa mini fara gaba da baya.

Inda na fi jin bambanci shi ne a kan tafiya. Hanyar Jidda da azahar, a da hannuna na hagu har ƙuna yake yi, yanzu sai ɗumi kaɗan. Esi ma ya samu sauƙi, ba sai na ƙure shi ba. Mahaifiyata da ba ta son hawa mota da rana, ranar da na ɗauko ta daga Aziziyya ce mini ta yi, "Kai ɗan nan, sabon esi ka sa ne?"

Amma in mota ta daɗe a ajiye cikin rana, tanda ce kawai, da leda da babu. Ledar jinkirta zafin take yi, ba ta hana shi taruwa. Mai shagon ya ce ba zan ƙara bukatar abin rufe gilashin gaba ba, mai ƙyalli ɗin nan da ake naɗewa. Zancen kasuwa ne. Har yau da shi nake yawo, ina kuma neman inuwa ko da zan ƙara tafiyar ƙafa. Kwalbar turare, laita da fawa-bank kuwa ba na barin su a ciki ko kusa.

Aikin nasu ma da ɗan gyara. Sun bar ƙura a ƙasan gilashin baya, sai da na koma suka sake. Hazo-hazon farko kuwa ba matsala ba ne, ruwan liƙi ne, yana bushewa da kansa in ba ka sauke gilashi ba na 'yan kwanaki.

Wani dattijon bakanike Bahaushe a sana'iyya, unguwar garejin kanikawa, ya ja mini kunne, ya ce, "Alhaji, leda ta fasinja ce, injin bai san da ita ba." Gaskiya ya faɗa. Zafi yana cin batir da wuri, lagireto kuma ruwansa na musamman yake so, ba na famfo mai barin gishiri ba. Iskar taya da safe ake aunawa kafin ta ɗau zafi, sannan a duba lambobi huɗun da ke jikinta masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, don tsohuwar taya ce ke fashewa a kwalta mai zafi.

Mai yawan tuƙi da rana ya sa ledar, amma ya karɓi takardar garanti, ya kuma duba gefen kowane gilashi kafin ya biya. Wanda kuɗinsa ba su kai duka biyu ba, ya fara da taya da batir.